Rahoton ayyukan shekarar 2025 ga mambobin ƙungiyarmu ta adana tsofaffin mujallun gem

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

Kamar yadda aka saba, ga bayanin abin da muka yi da abin da ya gagare mu a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanto shi da bakinsa ranar taro, don haka ban saka shi a nan ba. Waɗanda kuɗin wata ya taru a kansu sun san kansu.

Abin da ya shigo hannunmu

Babban kamun bana kwalaye uku ne daga Zariya. Wani ɗan uwa ya je kwashe kayan ɗakin yayansa, wanda ya yi karatu a Ingila a shekarun 1990, sai ya tarar da su a ƙarƙashin gado an danne su da tsohuwar katifa. Kwali ɗaya gara ta riga mu. Daga waje lafiya lau, ana ɗagawa sai ƙasa ta zubo, abin da ya rage bai wuce bangaye masu sheƙi ba, waɗanda da alama ba su yi mata daɗin ci ba. Sauran biyun Allah ya tsare: Computer and Video Games, Mean Machines, GamesMaster, da wasu fitowar farko-farko na mujallar PlayStation ta Birtaniya, sai dai babu faifan gwaji ko ɗaya a jikinsu. Wannan bai ba kowa mamaki ba. Tun a wancan lokacin faifan ake fara ɓallewa kafin a buɗe shafin farko.

Saboda sababbin mambobi, musamman waɗanda aka haifa bayan PlayStation 2: Computer and Video Games ta fara fita a watan Nuwamba 1981, tana cikin mujallun gem na farko a duniya, aka daina buga ta a takarda a 2004. Mean Machines ta fito a Oktoba 1990, bayan shekara biyu aka raba ta gida biyu, ɗaya ta Sega, ɗaya ta Nintendo. Ana yawan tambayata me ya sa na Birtaniya suka fi yawa a hannunmu. Dalili a fili yake: talabijin ɗinmu a Najeriya tsarin PAL ne irin nasu, matafiya da 'yan makaranta kuma hanyar Landan suka fi bi. Shi ya sa muka tashi muna kiran na'urar gem ta kamfanin Sega da Mega Drive, alhali ɗan Amurka Genesis ya sani. Na Amurka irin su GamePro da Electronic Gaming Monthly jefi-jefi suke shigo mana, galibi daga masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi.

Daga Maraɗi kuma wani mamba ya aiko da ƙunshin mujallun Faransanci, Player One da Consoles+ da Joypad. An ɗauki hotunansu duka, amma har yau suna zaune babu bayani, domin a cikin masu aikin a Kano babu mai Faransancin da ya wuce gaisuwa. 'Yan uwanmu na Yamai da Damagaram, wannan kira naku ne.

Rigimar biro

A nan zan ɗan daɗe, don shi ne abin da ya cinye mana rabin shekara, har wasu suka yi fushi suka fita daga zauren WhatsApp, aka bi su da ban haƙuri.

A cikin kayan Zariya akwai wata fitowa ta ƙarshen 1993, lokacin da wasan faɗa na Mortal Kombat ya shigo Mega Drive. A gefen wani shafi wani ya rubuta lambar sirrin wasan da shuɗin biro: "A B A C A B B, jini zai fito." A ƙasa wani hannu dabam ya rubuta "ƙarya ne." Sai na uku, da jan biro, har ya huda takardar: "wallahi yana yi, na gwada." Duk wanda ya taɓa zama a kan benci a gidan gem yana jiran layi ya san na ukun ne mai gaskiya. Wanda ke gyaran shafin, bisa ƙa'idar da muka ɗauko tun farko daga masu wannan aiki a ƙasashen waje, ya goge rubutun tas, ya mayar da gefen fari kamar ranar da aka buga. Aikinsa ya yi kyau ƙwarai, ba a ganin ko alama. Da ya turo mana kafin da bayan, sai zauren ya kama da wuta.

Masu goyon bayan gogewa suna da hujja. Manufar gyara ita ce mai karatu ya ga mujallar yadda mawallafanta suka fitar da ita, ba yadda yaran Sabon Gari suka bar ta ba. In aka bar biro, to a bar tabon manja da sawun kofin shayi mana, ina iyakar abin? Ɗaya ɓangaren, wanda ba zan ɓoye ba ina cikinsa, cewa muka yi: wannan fitowar akwai ta tsaf a intanet, wasu sun riga mu ɗauka da na'urorin da suka fi namu. Abin da babu a ko'ina a duniya sai a hannunmu shi ne musun yara uku da Hausa a gefen shafi. Haka hatimin mai shago a bango, da farashin naira da aka rubuta a kan na fam, da sunayen 'yan wasan Street Fighter II da aka sake wa laƙabi irin namu. In muka goge waɗannan, mun zama masu maimaita aikin wasu, kuma a makare.

Da muka koma muka duba sauran kwalayen da wannan ido, sai ga abubuwa. A wata Electronic Gaming Monthly akwai lissafin da wani ya yi na kuɗin da ya kashe yana neman Sheng Long. Ga wanda bai sani ba, a fitowar Afrilu 1992 mujallar ta shirya ƙaryar wasa, ta ce akwai wani ɓoyayyen gwani a Street Fighter II, wai sai ka ɗauki Ryu ka kai ƙarshe ba a taɓa ka ba, sannan ku yi zagaye goma da M. Bison babu wanda ya bugi wani, kafin ya bayyana. Babu shi, ba a taɓa yin sa ba a cikin wasan. Amma labarin ya zaga duniya, wasu mujallun suka kwafa a matsayin gaskiya, ga shi kuma mun samu shaidar cewa ya ci kuɗin tara na wani yaro a nan gida.

Matsayar da aka cimma a taron tsakiyar shekara ita ce kowace mujalla za ta fita iri biyu. Akwai "yadda aka same ta", ba a taɓa komai ba sai daidaita shafi, akwai kuma "gyararriya". In akwai cikakken sunan mutum ko adireshin gida a rubuce, ana rufe shi a kwafin da za a saka a intanet, a bar shi a na ajiya. Aikin ya ƙaru, gaskiya ne, amma tun daga nan ba a sake ɗaga murya ba.

Yadda aikin yake tafiya

Har yanzu sikana ɗaya muke da ita mai ɗaukar A4, tana gidan mataimakin shugaba. Muna ɗauka a ma'aunin ɗigo 600 a kowane inci, a adana a tsarin hoto na TIFF ba tare da matsewa ba. Shafi ɗaya mai launi a haka yana kai wa megabait ɗari, wato mujalla mai shafi ɗari ta tasam ma gigabait goma kafin a fara gyara. Wanda ke mamakin inda kuɗin data da na faifan ajiya ke tafiya, to ga amsarsa.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne raba shafuka. Mujallar da aka ɗinke da ƙarfe mai sauƙi ce, a miƙe ƙarfen a zare, ko da yake yawanci ya yi tsatsa ya ci takardar tsakiya. Mai gam a ƙeya ita ce matsala. In ba a raba ta ba, tsakiyar shafi yana fitowa da inuwa, rubutu ya lanƙwashe. Dabarar da muka zauna a kai ita ce a shimfiɗa ƙyalle a kan ƙeyar, a ɗora dutsen guga mai ɗumi kaɗan har gam ɗin ya saki, a zare shafi ɗaya-ɗaya. Mujallar da aka yi wa haka ba ta komawa yadda take, don haka ba ma taɓa kayan aro sai mai shi ya yarda a rubuce. Wani dattijo a Kaduna ya ce ko alama, muka ɗauki nasa a haɗe, da inuwar da komai.

Abubuwa biyu sababbin hannu suka koya bana. Na farko, takardar ciki siririya ce, hoton bayan shafi yana leƙowa, maganinsa a ɗora baƙar takarda a baya kafin a rufe murfin sikana. Na biyu, hotunan mujalla da ƙananan ɗigo aka buga su, in aka rage girman hoto ba tare da an narkar da ɗigon ba sai wani zane kamar saƙar tabarma ya bayyana a fuskar Sonic. Da ScanTailor muke daidaita shafi, da GIMP muke gyara, Tesseract kuma yana karanto rubutun don a iya bincika kalma. Roƙona ga masu gyara: a daina cika farin. Takardar da ta shekara talatin in ta koma fari fat kamar likkafani, launin hotunan ma ya tafi.

A hunturu aikin kusan tsayawa yake. Ƙura ɗaya a kan gilashi, sai ka gan ta a shafi arba'in a wuri guda.

Asarar da muka yi

A watan Afrilu aka kawo wuta da ƙarfi cikin dare, faifan ajiyar da ke ɗauke da ɗanyen hotunan wata uku ya ƙone. Laifina ne, ba na kowa ba. Kwafi ɗaya ne, na yi ta cewa gobe zan kwafe, goben ba ta zo ba. Yawancin mujallun suna nan, aka sake ɗauka, amma akwai na wani mamba na Jos da aka riga aka mayar masa, shi kuma ya tashi daga gidan, kayan suna cikin buhu a wani wuri da shi kansa bai tabbatar ba. Daga ranar doka ta zama kwafi uku: ɗaya a wurin ɗauka, ɗaya a hannun ma'aji, ɗaya a wajen Kano gaba ɗaya. Ba a mayar wa mai aro kayansa sai ukun sun cika.

Rabawa

Cikakkun kwafi muna ɗora su a Internet Archive, shafin adana littattafai da fayiloli a intanet, ƙananan PDF da waya za ta iya buɗewa kuma suna tasharmu ta Telegram. Amma ba mu ɗauki intanet a matsayin rumbu ba, kuma muna da dalili. A Oktoba 2024 an yi wa Internet Archive kutse, ta yi kwanaki a rufe. A 2016 an ɗora tarin mujallar Nintendo Power a can, ba a jima ba aka sauke su. A Agusta 2024 kamfanin GameStop ya rufe Game Informer, mujallar da ke fita tun 1991, aka wayi gari shafinta na intanet ya ɓace da duk abin da ke ciki, sai a Maris 2025 ta dawo a hannun wasu masu ita. Abin da ke kan na'urar wani, ranar da ya ga dama yake kashewa.

Wani sauƙi da muka samu: a ƙarshen Janairu 2025 gidauniyar Video Game History Foundation ta Amurka ta buɗe ɗakin karatunta na intanet, da tsofaffin mujallu fiye da 1,500 da ake iya bincika kalma a cikinsu. Yanzu kafin a kunna dutsen guga sai an duba can, an duba Retromags, shafin masu adana tsofaffin mujallun gem, da Internet Archive. In akwai kwafi mai kyau, tamu ba a raba ta, shafukan da ke da rubutun hannu ko hatimi kawai ake ɗauka. Wannan ya ceci mujallu da dama daga yanka.

Ƙa'idar haƙƙin mallaka tana nan yadda take. Ba ma ɗora mujallar da har yanzu ake sayarwa, irin su Edge da Retro Gamer, ba ma karɓar ko sisi a kan kwafi, duk mai haƙƙin da ya ce a sauke kuma za a sauke ba gardama. Mamban da aka samu yana tura wa mutane fayilolinmu a filas yana karɓar kuɗi an ja masa kunne, ya kuma daina.

Abin da bai yiwu ba

Sikana mai ɗaukar A3 ba a saya ba, don haka fosta-fostan tsakiya suna nan a naɗe, ana ɗaukarsu gida huɗu ana haɗawa in an matsu. Jerin bayanin mujallu da Hausa ya tsaya a harafin G. Hirar da muka ce za mu yi da tsofaffin masu gidajen gem an yi guda ɗaya tak, ita ma a waya, rabinta ƙarar janareto. Wannan ta fi damuna, domin a wurinsu ne ake samun littattafan nan na makaranta masu layi da suke kwafe lambobin sirri a ciki, da takardun da aka yi wa hoto aka manna a bango. Mutumin da muka yi hirar da shi ya ce nasa matarsa ta hura wuta da su tun tuni.

A taro mai zuwa za a zaɓi mutum biyu da za su riƙe wannan aikin na hira, a kuma yanke shawara kan ƙarin kuɗin wata saboda sikana. Mai zuwa da mujalla ya zo da ita yadda take. Kada a manna mata salatif, kada a goge biro, in akwai gara a jiki a saka ta a leda dabam a ɗaure bakin.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya