Bununin Tsirrai Shaida Ne da Masu Binciken Laifuka Ya Kamata Su Kula da Shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin hukumomin tsaro da jami'o'inmu zuwa ga wata shaida da masu binciken laifuka a wasu ƙasashe suka daɗe suna amfani da ita, wato bununi, ƙurar nan da furanni ke fitarwa.

Manomi ba ya buƙatar dogon bayani a kan yadda tsiro ke hayayyafa. Furen da ke saman karan masara shi ne namiji, gemun da ke kan goyo kuwa mace ne, kuma sai ƙwayar bununi ta sauka a kan silin gemu kafin a sami ƙwayar masara a gindinsa, shi ya sa ake ganin giɓi a jikin masarar da barbararta ba ta cika ba. A dabino da giginya namiji daban yake, mace daban. Wasu tsirran iska ce ke kai musu bununi, saboda haka suna fitar da shi da yawa kuma yana tafiya mai nisa, wasu kuwa sun dogara da ƙudan zuma da sauran ƙwari, nasu kaɗan ne, yana da danƙo, kuma ba ya yin nisa da inda uwarsa take. Wannan na biyun ya fi daraja wurin mai bincike, domin idan aka same shi a rigar mutum, da wuya a ce bai kusanci tsiron ba.

Ƙwayar bununi ba ta ganuwa sosai sai da madubin ƙara girma, ɓawonta yana da taurin da zai sa ta daɗe a cikin ƙasa shekaru dubbai, kuma kowane dangin tsiro da irin siffar tasa. A 1959 wani mutum ya ɓace a yankin kogin Danube a ƙasar Ostiriya, aka kama wanda ake zargi amma babu gawa, babu mai ba da shaida. Sai aka kai taɓon takalminsa ga Wilhelm Klaus na Jami'ar Vienna, wanda ya tarar da bununin itatuwan bakin ruwa haɗe da wata tsohuwar ƙwaya mai kimanin shekara miliyan 20. Wuri guda ne ke da irin wannan haɗin, wajen kilomita 20 arewa da Vienna, kuma da aka faɗa wa wanda ake zargin wurin, sai ya amsa laifinsa ya kai jami'ai inda ya binne gawar.

Haka kuma bayan kisan gillar Srebrenica a Bosniya a watan Yulin 1995, inda aka hallaka Musulmi maza kimanin 8,000, waɗanda suka yi ta'asar sun tone manyan kaburbura sun warwatsa gawawwakin a wasu ramukan domin ɓatar da sawu. Farfesa Tony Brown na Ingila ya gwada ƙasa da bununin da ke cikin ramukan, har da na alkama, ya nuna daga wane kabari aka kwaso su, aka kuma gabatar da binciken a kotun duniya da ke Hague.

A nan gida, inda masu garkuwa da mutane ke ɓuya a dazuzzuka, taɓon tayar babur ko tufafin wanda aka sako na iya nuna ko fadama aka ratsa ko jigawa, ko an zauna ƙarƙashin ɗorawa ko kusa da gonar auduga. Ba daga tushe za mu fara ba, tun da Farfesa Margaret Adebisi Sowunmi ta Jami'ar Ibadan ta wallafa bayanin bununin itatuwan Nijeriya tun 1973. Abin da nake kira a yi shi ne sassan nazarin tsirrai na jami'o'in Arewa su tattara samfurin bununin kowane yanki, su adana shi yadda 'yan sanda za su iya kwatantawa.

Sai dai kada a ɗauka wannan hanya ba ta da iyaka. Bununin ciyayi da yawa kamarsu ɗaya, iskar hunturu tana kwaso ƙura daga nesa ta zuba ko'ina, sannan al'adarmu ta yin dafifi a inda abu ya faru tana gurɓata shaidar kafin jami'i ya iso. Don haka wajibi ne a koya wa ɗan sandan da ya fara zuwa wuri ya killace shi, ya sa takalmi da tufafi kowanne a jakarsa ya rufe, ya kuma ɗebi ƙasar wurin kafin a ɗauki mamaci a yi masa sutura.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya