A Sauko da Zaman Karatun Waƙa Daga Bene

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu yi magana da masu shirya zaman karatun waƙa a Kano. Ɗalibin Hausa ba ya gama karatu bai ji sunan Malam Aliyu Namangi na Zariya ba, makahon da ya bar mana Imfiraji. Amma da yau zai zo irin zaman da ake yi, da wuya ya kai kujera, domin a saman bene ake ajiye taron, sanarwar kuma hoto ce a WhatsApp.

Sanarwar ce tuntuɓe na farko. Manhajar da ke karanta wa makaho waya, TalkBack ko NVDA ta kwamfuta, rubutu take bi. Rana da wurin taron da aka zana cikin hoto sukan wuce ta, haka ma littafin da aka ɗauki hoton shafukansa aka mayar PDF. A riƙa haɗa hoton da rubutu tsura, a tura waƙoƙin a fayil ɗin Word kwana 3 kafin zaman. Muryoyin Turanci na manhajojin kan yi tsalle a kan ɓ, ɗ da ƙ, sai kari ya karye, amsa-amo ya ɓace. Saboda haka gara a samu mai murya ya rera kowace waƙa, a tura sautin tare da rubutun.

Sai ƙofa. Gangarar da magina ke mannawa a kan matakala don shigar da babur ba ta gurgu ba ce, tana iya kifar da shi ta baya. Ƙa'idar ita ce kowane santimita 10 na tudu a ba shi santimita 120 na tsawo. Matakala uku masu jimillar tudun santimita 45 ke nan suna neman mita 5 da santimita 40. In babu wannan fili, a dawo da zaman ƙasa, ko da rumfa ce. Faɗin ƙofa kada ya gaza santimita 90, a kuma tuna keken hannu mai ƙafa uku da aka fi hawa a nan ya fi keken asibiti tsawo, yana son wurin juyawa. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin kuwa ya cika tun 2024.

Kurame kuma a fara tambayarsu wace maganar hannu suke yi, domin ta cikin gari daban take da wadda ake koyarwa a makaranta. Tafinta biyu ake ɗauka, suna karɓar juna duk minti 20, a ba su baitocin tun da wuri, su tsaya inda haske ke dukan fuskarsu. Kuɗinsu a sa shi cikin kasafi tun farko, tare da na Adaidaita Sahun makahon sha'iri da ɗan jagoransa.

In an zo jera masu karatu, a daina tura masu buƙata ta musamman ƙarshe ana tafa musu don tausayi. A gyara musu baiti kamar kowa.

Wasu marubuta waƙa,
Kano.