Kafin ka biya kuɗin kwana a fadar sarakunan Indiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku don jan hankalin masu zuwa Indiya da ke sha'awar kwana, ko da dare ɗaya ne, a tsofaffin fadojin da aka mayar otal. Hotunan da ake gani a intanet ba ƙarya ba ne, amma ba lallai ɗakin da ke cikin hoton shi za a ba mutum ba.

Bayan samun 'yancin kai a 1947, gwamnatin Indiya ta riƙa biyan sarakunan gargajiya wani kuɗi duk shekara, har gwamnatin Indira Gandhi ta soke shi a 1971. Riƙe gida mai ɗakuna barkatai da lambuna ya fi ƙarfin masu shi, sai da yawa suka buɗe ƙofa ga baƙi masu biya. Wasu ma sun riga kowa: Rambagh ta Jaifur ta zama otal tun 1957. Lake Palace ta Udaifur, wadda Maharana Jagat Singh na Biyu ya gina tsakanin 1743 da 1746 a tsakiyar tafkin Pichola, sai da kwale-kwale ake isa gare ta. Falaknuma ta Haidarabad, gidan Nizam, wato sarkin Haidarabad, mai teburin cin abinci na mutum 101, a 2010 aka buɗe ta ga baƙi.

To ga inda gizo ke saƙar. Kalmar fada ko gidan tarihi a sunan otal ba hujja ba ce. A ƙa'idar ma'aikatar yawon buɗe ido ta Indiya, ginin da aka yi kafin 1950 ne ke shiga rukunin otal-otal na tarihi, amma akwai sababbin gine-gine da aka ƙawata da kubbobi aka laƙaba musu sunan fada. Ko a fadar gaskiya ma, sau da yawa an yi ƙarin sabon ɓangare a gefen lambu, kuma ɗakuna mafi araha can suke. Don haka kafin a biya, a tura saƙo a tambaya ƙarara: ɗakin nan a tsohon gini yake ko a sabo? Hawa na nawa ne? Tagarsa ina take kallo? A nemi amsar a rubuce.

Shi kansa tsohon ginin yana da nasa hali. Ba a gina shi don baƙin otal ba, shi ya sa ɗakuna biyu masu farashi ɗaya sai ka ga ɗaya fili fetal, ɗaya kuwa tsukuku. Matakala ƙunci gare su ga tsayi, wani ɓangaren babu lif, kuma katangar dutse mai kauri tana raunana intanet. Mai tafiya da dattijo ko wanda aka yi wa aiki a asibiti ya nemi ɗakin ƙasa tun da wuri.

Batun kuɗi kuwa, farashin da aka fara nunawa sau da yawa ba ya haɗa da haraji. Ɗakin da ya haura rufi 7,500 a dare ana ɗora masa harajin kaya da ayyuka (GST) na kashi 18 cikin ɗari, kuma kusan duk waɗannan fadoji sun wuce nan nesa ba kusa ba. A lura da haruffan da ke gefen farashi: EP ɗaki ne kawai, CP da karin kumallo, MAP karin kumallo da abinci ɗaya, AP kuwa duka ukun.

Lokaci mafi daɗi daga Oktoba zuwa Maris ne, shi ne kuma mafi tsada. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kakar bukukuwan aure ce. Attajiri ɗaya kan kama rabin fada, ganguna da wasan wuta har dare ya raba. A tambaya ko akwai biki a ranakun da aka zaɓa. Afrilu zuwa Yuni farashi kan faɗi, amma zafin jihar Rajastan, inda Jaifur da Udaifur suke, yakan haura maki 40 a ma'aunin Celsius.

A wajen karɓar baƙi dole a nuna fasfo da biza na asali, domin doka ta wajabta wa otal ya cike takardar da ake kira Form C kan kowane baƙon waje cikin awa 24. Galibi ƙarfe biyu na rana ake ba da ɗaki, a fita sha biyu. Wanda jirginsa zai sauka da asuba ya biya daren da ya gabata, in ba haka ba zai wuni a zaure da kayansa.

Ga Musulmi, kada a ɗauka duk nama halal ne, domin akwai yankan da ake kira jhatka, wanda ake sare kai da sara ɗaya. A tambayi mai dafa abinci, ko a tsaya kan kifi da ganye. Alƙibla kuma a Indiya yamma take, ba gabas ba.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku