Wasiƙa daga Kano kan ɗaukar karatun Malam

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Legas, ya iyali? Shirun ya yi yawa, ko sai an ga watan sallah za a ji ɗuriyarka? Hajiya tana gaishe ka, tana tambaya ko cunkoson motocin can bai isa ya koro ka gida ba.

Maganar karatun Malam na bayan magariba ce ta dame ni. Ka san ni nake ɗauka ina tura wa 'yan zaure ta WhatsApp. To ramin makirufo na laftof ɗina ya mutu, sai na sayi ɗan katin sauti na USB, irin mai arhar nan da bai wuce filash girma ba, mai rami biyu. An rubuta 7.1 a jikinsa ɓaro-ɓaro, wato wai sautin lasifika takwas yake bayarwa, alhali dama da hagu kawai yake fitarwa.

Wajen saurare ba ni da ƙorafi, in ka sa iyafis tas kake ji. Wajen ɗauka ne matsalar take. Muryar Malam ta yi ƙasa yanzu, shekaru sun ja, dole in ɗaga ƙarfin makirufon, ina ɗagawa kuwa sai wani "shiii" ya taso ya lulluɓe ta. Akwai kuma gurnanin da ke shigowa ta caja, musamman in an tada janareta. Wannan na gano maganinsa: in zare caja in bar laftof a kan batir, sai ya ɗauke ɗif. Amma "shiii" ɗin daga cikin katin yake. Yana ɗauka a bit 16 kamar faifan CD, don haka ba nan gizo ke saƙar ba, ɗan amfilifayan da ke ciki ne ba shi da kyau. Na gwada goge shi da Audacity, manhajar gyaran sauti, sai ya tafi da sin da sad da shin na Malam, muryar ta koma kamar daga cikin rijiya. Mai koyon karatu ta ina zai bambance haruffan? Wallahi abin yana ci mini rai, don wannan karatun zai iya zama abin da jikokinmu za su saurara.

Af, an kai kuɗin gaisuwar ƙaninka, kai kuma ana ta cigiyar babban wa. Ka fara tanadin shadda, kada ka zo mana da rigar bikin bara.

Na ari babban makirufo wajen yaran situdiyo na Zoo Road, shi kuma wutar bolt 48 yake so, katin ba ya bayarwa. Su ne suka ce in nemi wani katin sautin mai suna Behringer UM2, shi yana da ita. Don Allah in ka shiga kasuwar Alaba ka tambayo mini kuɗinsa, ko na hannu ne in dai lafiyarsa ƙalau. Ina so ya iso kafin azumi saboda tafsiri.

Ka gaida uwargida da yara.

Naka har kullum.