Idon mai sikila ya yi rawaya: a daina ɗura masa maganin ƙarin jini

Assalamu alaikum, Malam Edita.

A ba mu fili mu ja hankalin iyayen yara masu sikila a Katsina da kewaye. Da zarar idon yaro ya yi rawaya, sai a ce shawara ce, a haɗa jiƙo, a wuce kemis a sayo maganin ƙarin jini. Wannan abu yana damunmu ƙwarai.

Jar ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta fashe. In ta fashe a cikin jijiya, himogulobin ɗinta, wato sinadarin da ke ba jini launin ja, yakan tsiyaye, kuma in ya fita daga ƙwayar guba ne. Sai wani furotin da hanta ke yi, haftogulobin, ya cafke shi. A saifa da hanta akwai manyan ƙwayoyin garkuwar jiki masu share datti, makurofaj. A fatarsu akwai wata ƙugiya mai suna CD163, wadda masana a Denmak suka gano aikinta a 2001. Ita ke kama haftogulobin da himogulobin ɗin da ya cafke ta ja su ciki. Can za a ware sinadarin ƙarfen da ke cikin himogulobin a adana, wani sashe na ragowar ya zama bilirubin. Shi ne rawayar da uwa ke gani in ta ɗaga fatar idon ɗanta da safe.

To, ƙarfen nan bai bar jiki ba. Yaron da ake yi wa ƙarin jini akai-akai kuwa, kowace leda tana ƙara masa kusan miligiram 200, jiki kuma ba shi da hanyar zubar da shi. Maganin ƙarin jini mai ƙarfe zai iya taruwa a hanta da zuciya. Kada a ba shi sai gwaji ya nuna yana buƙata. Folik asid ɗin da likita ya rubuta dai a ci gaba da shi.

Matsala babba tana zuwa ne ranar da fashewar ta fi ƙarfin ƙugiyar, musamman in zazzaɓin cizon sauro ya shigo. Haftogulobin ya ƙare, himogulobin ya yi ta yawo yana cinye sinadarin da ke buɗe jijiyoyi, ya kuma bi ta ƙoda yana illata ta. In fitsari ya koma kalar baƙin shayi, tafin hannu ya yi fari fat, yaro yana haki, a kai shi asibiti a ranar, a auna PCV (yawan jar ƙwayar jini), a duba maleriya.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan ɗakin gwajin jini, Katsina