Wasiƙa daga Beijing game da Wang Yi

Assalamu alaikum ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Baba da Inna suna nan ƙalau. Ka ce malaminku ya ba ku aikin rubutu kan Wang Yi, ministan harkokin wajen Sin. To, kada ka tsaya kan muƙamin minista kawai. A nan kujerar jam'iyyar Kwaminis ce gaba, ta gwamnati tana biye.

An haife shi a Beijing a 1953. A 1969 aka tura shi lardin Heilongjiang mai tsananin sanyi, ya yi shekara takwas a rundunar noma da gine-gine. Da ya dawo ya karanci Japananci, ya kama aiki a sashen Asiya na ma'aikatar harkokin waje a 1982. Harshen nan ne ya zama jarinsa: ya yi aiki a ofishin jakadancinsu na Tokyo daga 1989, ya zama mataimakin minista a 2001, sannan jakada a Japan daga 2004 zuwa 2007. Ya riƙe ofishin harkokin Taiwan daga 2008, aka naɗa shi minista a 2013.

Inda nake so ka zurfafa shi ne Oktoban 2022. Bisa al'adar jam'iyya, mai shekara 68 ritaya yake yi, amma shi yana da 69 aka shigar da shi ofishin siyasa, wato majalisar manyan shugabannin jam'iyya mai mutum 24. Daga nan ya zama daraktan ofishin hukumar jam'iyya mai kula da harkokin waje, wanda ya fi kujerar minista. A wannan matsayin ne ya zauna tsakanin Saudiyya da Iran a Maris 2023 har suka amince su maido da hulɗa.

Ka gwada shi da Qin Gang, wanda ya gaje shi a kujerar minista. Ya hau da sauri, daga jakada a Amurka zuwa minista, amma wata bakwai kacal ya yi aka cire shi a Yulin 2023, ba tare da hukuma ta faɗi dalili ba. Wang Yi aka mayar kan kujerar, ya haɗa biyun.

Kada ka manta da namu ɓangaren. Tun 1991 ministansu da Afirka yake buɗe tafiye-tafiyen shekara. Wang ya je Abuja a Janairun 2017, lokacin da Najeriya ta umarci ofishin kasuwancin Taiwan ya koma Legas, ya kuma sake zuwa a 2021 da 2025.

In ka gama rubutun, turo mini in duba kafin ka miƙa. Ka gaida kowa da kowa, musamman Goggo. Allah ya ba da sa'a.

Naka,
Yayanka