Zuwa ga Auta, kan tantin tafiyar Gadabeji

Maraɗi, unguwar Zariya

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya zafin Yamai? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Innarka ta warware daga ciwon ƙafar nan, har ta koma zuwa kasuwa da kanta.

Hotunan tanti uku da ka turo ta WhatsApp sun iso. Na sa tabarau na duba, abin da ido ya kasa ɗan yayarka ya karanta mini, har da ƙananan lambobin da ke ƙasa. Ka ce in zaɓa maka ɗaya kafin abokinka ya taso daga Faransa, tunda shi zai riƙo. Da kira zan yi, sai na tuna halinka: in ka riga ka ƙulla abu a rai, mutum bai kai rabin magana ba ka ce "to Baba, na ji". Shi ya sa na zauna na rubuta, takarda ba a katse mata numfashi.

Na san ranka yana kan na farkon, mai kilo 1 da giram 200. Ban ga laifinka ba. Ku biyu ne, a ƙafa, kaya a baya, kwana biyar ko shida kuna awon ciyawa da itatuwa, kowane giram sai kafaɗa ta san da shi. Amma ka tuna inda za ka. Gadabeji daji ne na hekta 76,000 a arewacin Dakoro, tun 1955 aka keɓe shi. Lokacin da nake ratsa wajen da motar masu allurar shanu babu raƙumin dawa ko ɗaya, sai a 2018 aka kai guda takwas daga Kure, ka fi ni sa'a ke nan in ka gan su. Abin da bai sake ba shi ne iskar wurin. Fili ne shimfiɗe, jigawa da ƙananan tuddai, babu dutse babu gini da zai tare maka komai. Kuma ka ce zuwa biyu za ku yi, ɗaya a faɗuwar damina, ɗaya cikin hunturu. Lokutan nan biyu su ne masu gwada tanti.

Bari in ba ka labarin da ban taɓa ba ka dukansa ba. A 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, muka sauka a kwarin Tarka wajen ƙarshen watan Yuni. Akwai wani likitan dabbobi baƙo tare da mu, ya zo da tantinsa sabo fil, shuɗi, mai kamar an kife ƙwarya. Cikin minti biyar ya kafa shi, mu kuwa muna ta fama da tsohon tamfol ɗinmu. Har na ji kishi. Bayan la'asar gabas ta yi ja, kamar an gina katangar jar ƙasa daga ƙasa har sama. Iska ta ɗauke ɗif, awakin Buzayen da ke kusa da mu suka taru wuri guda. Sai holoƙo ya sauko. Ina kwance ƙarƙashin mota, rawani a fuska, na ji ƙarar karyewa kamar an taka kara. Sandar tantin ce, ta faiba, ta tsage gida-gida, tsinin ya huda rufin, iska ta samu ƙofa ta shiga ta yage sauran. Da ruwa ya biyo baya, bawan Allah a cikin mota ya kwana a zaune, takardunsa sun zama kunu. Da gari ya waye na leƙa wajen Buzayen. Tantinsu na fata yana nan yadda yake, gajere, ya lafe da ƙasa, turaku ta ko'ina, bayansa ga gabas. Tsohuwar gidan tana dama fura kamar ba a yi komai ba.

Tun ranar, in aka nuna mini tanti, sanda nake fara dubawa. Saboda haka na biyun nan, mai arahar da ka gani a kasuwa nan Yamai, cire shi daga lissafi. Sandunansa faiba ne, ga shi ya haura kilo 3, ka ɗauki nauyi kuma ka kwana a waje. Araha ba ta ado. Sandar alminiyom in iska ta fi ƙarfinta lanƙwasa take yi, ka miƙar da ita ko ka zura mata ɗan guntun bututun gyara ka naɗe da salatif, ka kwana. Ka tabbata bututun nan yana cikin jakar, in babu a sayo shi daban, bai fi yatsa tsawo da yawa ba.

Na farkon da kake so, sanda ɗaya gare shi, kuma ba ya tsayuwa sai an ɗaure shi gaba da baya da turaku. A ƙasar da aka yi shi dominta, mai ciyawa da laka, turke yana kamawa. A jigawa fa? Ka soka shi ka zare da yatsa biyu. Irin wannan tanti kuma so yake a juya masa ƙeya ga iska, ita ko iskar hadari ba ta da alƙawari, takan fara daga gabas ta karkata. Na ukun sandunansa biyu sun gitta juna a sama, ga wata gajera da ta tokare su, yana tsayuwa da ƙafafunsa ko ba turke. Shi na zaɓa. Kilo 2 da giram 400 ne, na sani. Ku raba: kai ka ɗauki rufin waje da turaku, abokin tafiyarka ya ɗauki ɗakin ciki da sanduna, kowa ya tashi da kilo 1 da giram 200, daidai nauyin wancan da ya tafi da hankalinka. Ƙarin da ya hau kan kowannenku giram 600 ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma a zafin Yuni ba za ka fita da ƙasa da lita biyar ba. Wato kana neman sayar da barcin dare shida saboda abin da bai kai gorar ruwa ɗaya ba.

Af, wani abu game da nauyin da suke rubutawa. Sau da yawa lamba biyu ce. Ƙaramar ba ta haɗa da turaku da igiyoyi da jaka ba, ita ake sa wa a gaba da manyan baƙaƙe. Babbar ita za ka goya. Ɗan yayarka ya gano ta na farkon a can ƙasa, ta fi abin da ka faɗa mini.

Sai maganar ɗakin ciki, wadda ita ce mutanenmu suka fi yin kuskure a kanta. Na farkon duk raga ne, kamar gidan sauro. Daren zafi da daɗi, ban musa ba. Amma raga sauro take tarewa, ƙura kuwa wucewa take kamar gari a rariya. Rufin wajensa ma bai sauka ƙasa ba, ya bar tazarar tafin hannu, nan iska za ta riƙa ɗebo rairayi tana watsa muku har asuba. Za ka tashi da ƙasa a haƙora, a kunne, a cikin na'urar awonku. A watan Janairu kuma, da jaura ta taso daga arewa maso gabas, wani dare sanyin wajen yakan sauka ƙasa da digiri 10, raga ba ta tare komai. Na ukun bangonsa yadi ne, raga tana sama da wajen ƙofa, kuma akwai marfin da ake zugewa a rufe ta. In dare ya yi lumshi ka buɗe, in iska ta taso ka rufe. Kada dai ka toshe ko'ina ruf. Numfashin mutum biyu yana taruwa a jikin rufi ya zama raɓa, da asuba ta ɗiɗɗigo muku, ka ɗauka yoyo ne. Ka bar 'yar tagar sama a buɗe ta ɓangaren da iska ba ta bugowa. Kuma kada ka sa ran tanti zai ɗumama ka, iska kawai yake tarewa, ɗumi aikin bargo ne da abin da ka shimfiɗa tsakaninka da ƙasa.

Lambar nan ta milimita da ka tambaya, ga ma'anarta. Ana tsayar da bututu a kan yadin a yi ta zuba ruwa har ya fara tsattsafowa ta ƙasa, tsawon ruwan shi ne lambar. In an rubuta 3,000, yadin ya riƙe ruwa mai tsawon mita uku ke nan. Daga 1,500 ake cewa rufi ba ya yoyo, amma ruwanmu da iska yake zuwa, a kwance yake dukan tanti, saboda haka 3,000 ɗin na ukun ya yi mini. Ƙasan tanti ya fi son lamba babba, 5,000 ko sama, domin gwiwarka in ka durƙusa tana matse ruwa ya ratso. Duk da haka yadi ba shi ke fara yoyo ba, ɗinki ne. In kaya sun iso ka juya rufin ka bi ɗinkin da yatsa, ka ga ko an bi shi da liƙi ta ciki, ko akwai inda ya ɗago.

Ni dai abin da na fi tsoro a kan yadin ba ruwa ba ne. Ruwa sa'a biyu ne ya wuce. Rana ce ke cin tanti a ƙasarmu. Nailan siriri irin na farkon, mai lamba 15D (lambar kaurin zarensa ke nan), in ya sha ranar Gadabeji mako bayan mako, zai koɗe ya yi rauni, wata rana ka ja shi ya yage kamar takarda. In ya jiƙe kuma saki yake yi, sai ka fito cikin dare ka ƙara ɗaure igiya. Poliyesta, irin rufin na ukun, ya fi jure rana kuma ba ya saki sosai. Ko da shi ɗin, kada ku bar tanti a kafe ku tafi aiki. Ku naɗe da safe, ku kafa da yamma. In kun dawo gida kada ka cusa shi da danshi a ɗaki mai rufin kwano, shafen da ke jikinsa zai yi danƙo ya fara wari, daga nan ya gama aiki.

Turakun da za su zo da shi, waɗannan sirara kamar tsinken tsire, ka riƙe su don fako. Don jigawa a sayo maka masu faɗi, dogaye, ko guda shida. In babu, ga dabarar da na koya wurin makiyaya: ka ɗaura igiyar a tsakiyar guntun icce, ka haƙa rami kamar santimita 30, ka kwantar da iccen a gicciye, ka binne ka tattake. Ƙaramin buhu cike da rairayi ma yana yi. Ka ɗaure duk igiyoyin gefe kowane dare, ko sama ta yi tas. Tanti mai tsayuwa da kansa in babu kowa ciki kuma ba a ɗaure ba, gangarawa yake kamar kwando, ka bi shi da gudu cikin ƙarangiya.

Ita ƙarangiyar da tsidau su ne maƙiyan ƙasan tanti. Kada abokinka ya ɓata kuɗi kan shimfiɗar ƙasa ta kamfani. Zan sa a yanka maka leda mai kauri a babbar kasuwa, ka dai turo mini awon. Za a rage ta kaɗan daga faɗin tantin, don in ta leƙo waje ruwa take tarawa ta kai shi ƙarƙashinku. Zif kuma rairayi ke kashe shi. Ka tafi da tsohon buroshin haƙori ka riƙa share shi a bushe, kada ka sa masa mai, mai ƙasa yake kamawa. In ya fara buɗewa ta baya, ka ɗan matse kan da filaya, a hankali. Ka riƙa zuge ƙofa ko fitsari za ka fita, takalma kuma a zazzage su da safe. Kunama da kububuwa ba sa sallama.

Na ga na ukun ƙofa biyu gare shi, kowace da ɗan zaurenta na ajiye jaka. Wannan ya yi, ba mai tsallake wani cikin dare. Faɗinsa santimita 130, ku biyu za ku shiga amma ba juyi, in abokin naka mai minshari ne wannan kuma tsakaninku. Launi biyu na gani. Ka ce a ɗauko mai ruwan ƙasa. Koren nan mai duhu zafi yake sha, kuma daga nesa ya yi kama da kayan soja, zamanin nan ba na son wani ya hango ku ya yi muku fassarar da ba taku ba. Ku fara gabatar da kanku wurin ma'aikatan gandun daji, in akwai ruga kusa ku je ku gai da arɗo, a san da ku.

Wurin kafawa: ɗan tudu-tudu, ba ƙoli ba saboda aradu, ba cikin kwari ba ko ya bushe ƙayau, domin ruwan da aka yi nesa yakan iso cikin dare. Kada inuwar babban icce tilo ta ruɗe ku. Ƙofar da za ku yi amfani da ita ta dubi yamma ko kudu, mafi ƙanƙantar gefen tantin ya fuskanci gabas. Shayi kuma a waje. Na san ku da shayi. Gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iskar da ba ta da wari, mutum ya yi barci bai farka ba, yadin kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tunda ta Maraɗi za ku bi ku hau hanyar Dakoro, ka zo da kwana biyu a hannu. Za ka kafa shi a tsakar gida da rana, ka sake kafawa da dare ba fitila, ni kuma in sa yara su yi masa ɓarin ruwa da bokiti kana ciki, mu ga inda zai yi yoyo. Cikon kuɗin da ke tsakanin na farkon da na ukun, in akwai, zan turo maka ranar Litinin, kada ka taɓa kuɗin abincinka. Innarka ta ce in gaya maka ta fara haɗa maka ƙuli-ƙuli da garin fura, kuma bargon nan mai ja da ka bari yana nan ta wanke. Ka gai da abokin tafiyar taka, ka turo mini lambar mahaifinsa mu gaisa.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Babanka